Tsargiya a Ƙauyukan Noman Rani

Da rana tsaka, a ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Tiga ta wajen Kura da Kadawa, bakin magudana ya fi dandali cika. Yara na ninƙaya, 'yan mata na wanki, magidanta na cikin laka har ƙauri suna dashen shinkafa. Wannan ruwa shi ne arzikin yankin rani da damina. Sai dai a jikin ciyawar gefensa akwai ƙananan dodon koɗi, kuma a cikinsu tsutsar tsargiya ke hayayyafa. Takan fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum bai sani ba, ta tare a jijiyoyin jinin mafitsara tana zuba ƙwai. Yaro zai tsuguna a gindin katanga, ɗigon ƙarshe na fitsarinsa ya fito ja. Ranar da ya yi fitsari a magudana, ƙwan ya koma wa dodon koɗi, cutar ta sake sabon zagaye.

Har yanzu akwai masu ɗaukar jinin nan alamar balaga. Ba balaga ba ce, rauni ne: yana jawo ƙarancin jini, yana iya lalata ƙoda ko ya kai ga kansar mafitsara, ga mata kuma yana taɓa mahaifa. Wasu sukan ce a hana yara shiga ruwa. To manomin da abincinsa ke cikin fadama fa, ko yarinyar da ba ta da wani wurin wanki? Wasu kuma su ce ai ana raba praziquantel kyauta a makarantu. Maganin yana kashe tsutsar, ba shakka, amma ba ya hana sake kamuwa, kuma almajiri da yaron da ke kiwo ba sa cikin aji ranar rabo.

Kurkunu ya isa darasi. A 1988 mutum sama da 650,000 ya kwantar a Najeriya, kuma ba shi da ƙwaya ko allura. Da tace ruwa, haƙa rijiyoyin burtsatse da wayar da kai gida-gida aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da hakan a 2013. Tsargiya ma haka take so: magani ga kowane yaro, masai a kowane gida, da famfon wanka da wanki nesa da magudana. Hukumomi da masu unguwanni, wanda ya kawo ruwan noma, shi ke da alhakin kawo ruwan wanka.