Wa Ya Tsaya Masa? Yadda Ƙaramar Manhaja Ke Shiga Jerin Webmin

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a filin fasahar zamani, ga wanda shirin ya wuce shi yana hanya ko yana mashaya.

Tambayar ta fito ne daga wani matashi, ɗan wani falke, mai koyon aikin kwamfuta. Ya ce ya rubuta wata ƴar manhaja da za ta yi aiki a cikin Webmin, yana son a sa ta a jerin da duniya ke dubawa. Ta ina zai bi? Wani zai ce, to ni da nake bayan shanu ina ruwana? Da ruwanka, malam. Kuɗin da kake turawa gida ta waya, da saƙon murya da dillalinka ke aiko maka, ba a cikin iska suke kwana ba. Suna bi ta wasu manyan kwamfutoci da ba a kashe su dare da rana. Sunan da masu fassara suka ba irin wannan kwamfuta zai yi maka daɗi: uwar garke. Ita sauran ke bi, in ta ɓata hanya kowa ya ɓata.

Uwar garke tana bukatar mai kula da ita: ya buɗe wa wannan asusu, ya rufe wa wancan, ya duba ko ma'ajiya ta cika. A da sai wanda ya haddace dogayen umarni yake iya wannan. A shekarar 1997 wani mutumin Ostareliya, Jamie Cameron, ya fito da Webmin, wadda ke ba ka damar yin aikin ta shafin intanet, kana latsawa kamar yadda kake latsa waya. An rubuta ta da harshen kwamfuta da ake kira Perl, kuma bisa al'ada ana shiga ta ƙofa mai lamba 10000. Kyauta ce, tushenta a buɗe yake, ma'ana duk mai ilimin abin yana iya karanta yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ƙara.

Wannan ƙarin shi ne maganarmu. Webmin ba dunƙule ɗaya ba ce, rumfuna ce kamar kasuwa. Rumfar masu amfani daban, ta wasiƙu daban, ta katangar tsaro daban. Akwai rumfunan da masu Webmin suka gina da kansu, suna zuwa tare da ita. Akwai kuma waɗanda baƙi ke ginawa, irin wannan yaro da ya yi tambaya. Hanya biyu ce gare shi. Ko ya kai aikinsa dandalin GitHub, inda tushen Webmin yake, ya roƙi a haɗa da na gida, wanda ba ƙaramin abu ba ne, don duk abin da suka karɓa ya zama ɗawainiyarsu. Ko kuma ya ajiye abinsa a wurinsa, ya nemi a rubuta sunansa a jerin manhajojin baƙi. Ta biyun ce ta fi sauƙi.

Kai da ka taɓa kai sa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka san ba a cewa ga sa, kawo kuɗi. Sai an san daga ina ya fito, wa ke da shi, wane dillali ya tsaya. Haka nan ma. Kowace irin wannan manhaja tana ɗauke da ƴar takardar shaida, wani ɗan fayil mai suna module.info. A ciki ake rubuta aikin da take yi, da lambar fitowarta, da irin kwamfutocin da za ta iya aiki a kansu, da abin da dole ya kasance kafin a girka ta. Kalmomin da mutum zai gani a allo kuwa ana ware su a wani fayil na harshe, don mai fassara ya juya su ba tare da ya taɓa injin ba. Sai a ɗaure duka a ƙunshi guda, wanda sunansa kan ƙare da wbm, a ajiye a adireshin da kowa zai iya saukewa. Bayan haka ne mutum zai miƙa suna, da bayani, da adireshin, da irin lasisin da ya sa wa aikinsa, wato sharaɗin da ya yarda a yi amfani da shi.

Shawarata ga yaron nan, ya fi ba adireshin muhimmanci. Manhajoji da yawa ba rashin kyau ya kashe su ba. Mai su ne ya sauya wuri, ko ya daina biyan kuɗin shafinsa, suna ya rage a jeri amma in ka latsa ba kowa, kamar lambar wayar da aka jefar da layinta. Kuma ita kanta Webmin tana sauyawa, abin da ya yi aiki bana yana iya tsayawa baɗi in ba a bi shi da gyara ba. Wanda ba zai iya amsa ƙorafi bayan shekara biyu ba, gara ya faɗa tun farko, ko ya bar ƙofa a buɗe wani ya ɗauka ya ci gaba.

Yanzu ga inda nake son ku kasa kunne. Kasancewar suna a jeri ba ya nufin an tsaya wa abin. Jeri yana nuna maka inda kaya yake da wanda ya ce nasa ne. Ba lamuni ba ne. Kuma Webmin tana aiki da cikakken ikon kwamfuta, don haka duk manhajar da ka girka a cikinta ka ba ta makullin gida gaba ɗaya, har da ɗakin ajiya. Za ta iya karanta komai, ta goge komai.

Ko kayan gidan ma an taɓa gurɓata su. A watan Afrilun 2018 wani ya kutsa kwamfutar da ake haɗa Webmin a kanta kafin a raba wa jama'a. Ya sauya fayil ɗaya, wanda ke kula da canjin kalmar sirri, ya bar wa kansa ƙofar baya, har ya mayar da kwanan watan fayil ɗin baya don kada a lura an taɓa shi. Fitowa mai lamba 1.890 ta fita da wannan ƙofa a buɗe. Daga 1.900 zuwa 1.920 ma tana nan, sai dai ba ta buɗuwa sai in mai kula ya kunna wani zaɓi na sauya tsohuwar kalmar sirri. Fiye da shekara guda mutane na saukewa suna girkawa, har sai watan Agustan 2019 da wani mai bincike ya bayyana raunin a taron DEF CON a Las Vegas ta Amurka. Cikin kwanaki aka fitar da 1.930 aka toshe. Abin lura, tushen da ke GitHub, wanda idon jama'a ke kai, lafiyarsa lau. Ƙunshin da aka raba ne ke da cutar. Kamar buhun gero ne da aka zuba wa tsakuwa kafin a ɗinke baki: ɗinkin na mai kaya ne, tambarin ma nasa ne, amma cikin ba abin da ya auna ba ne. A ganina masu Webmin sun kyauta da suka fito suka bayyana yadda aka yi, ba su rufa-rufa ba.

To in na gida ya iya shiga wannan hali, ina ga na baƙo? Shi ya sa mai neman shiga jeri ya kamata ya ajiye tushen aikinsa a fili, kusa da ƙunshin da yake rabawa, yadda mai shakka zai gwada wannan da wancan. Ya rubuta sunan da za a same shi da shi, ya kuma rubuta abin da ya sauya a kowace fitowa.

Kai kuma da ƙungiyarku ta ƴan kasuwa ko ta makiyaya ta ɗauki wani yaro yana riƙe muku lissafi a uwar garke, ba sai ka iya Perl ba. Zaunar da shi ka tambaye shi: abubuwan da ka ƙara a ciki, wa ya rubuta su, daga ina ka sauko da su, yaushe rabon mai su da ya gyara? Sa'annan ka ce ya nuna maka lambar fitowar da kuke kai. In ya fara kame-kame, a nemo wani ya duba kafin a zuba sunayen mutane da bashin da ake binsu.

Yaron da ya yi tambaya, muna jiran ka aiko mana da labarin yadda ta kaya. Mako mai zuwa za mu taɓo manhajojin da ake tura wa juna waya zuwa waya a tasha, waɗanda ba su bi ta kowane jeri ba.