Kasuwar Nishiki Ta Birnin Kiyoto Da Zancen Riɗinmu

Yau labarin wata unguwa ta ƙasar Japan muka kawo muku. Dalilin zuwanmu can kuwa riɗi ne. Kun dai sani Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, irin wanda ake lodi a Dawanau da Maigatari. Da muka ƙare magana da masu saye, sai tafintanmu ya ce, "Alhaji, kada ku koma gida ba ku taka Nishiki ba."

Ita Nishiki lungu ne guda ɗaya a tsakiyar Kiyoto, birnin da sarakunansu suka zauna tun 794 har fiye da shekara dubu. Tsawon lungun kamar mita 390, faɗinsa bai wuce mita 5 ba, an yi masa rumfa daga wannan baki zuwa wancan. Shaguna kamar 130 ne suke duban juna, dama da hauni. Asalinta kasuwar kifi ce. Kiyoto ba ta bakin teku, amma a ƙarƙashin unguwar akwai ruwa mai sanyi ƙwarai, shi masu kifi suke jawowa daga rijiya su sanyaya hajarsu tun babu ƙanƙarar inji. A 1615 hukuma ta ba su izinin sarin kifi. A 1927 aka buɗe babbar kasuwar sari ta birnin, 'yan sari da yawa suka koma can, waɗanda suka rage suka riƙe kiri da kai wa gidajen abinci kaya.

Abin da muka fara lura shi ne kowa da hajarsa guda. Mai kayan lambu na tsami, ganga-ganga a gabansa, ba ruwansa da kifi. Mai soya ƙwai naɗe kamar tabarma, shi ke nan aikinsa. Akwai mai busasshen kifi, akwai mai awarar waken suya. Akwai shagon wuƙaƙe mai suna Aritsugu, wanda asalinsa maƙeran takobi ne tun 1560; ka sayi wuƙa, a wasa maka ita, a zana sunanka a jiki. Muka tsaya a wani shagon riɗi, yaro yana daka shi a turmi, ƙanshi ya cika wuri. Muka sa ido sosai, irin kallon ɗan hatsi. Ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, ba baƙin ƙwaya ko ɗaya.

Tayi kuwa babu shi. Farashi a rubuce yake jikin kaya, ba "nawa ka sallama", ba "albarka". Ka aje kuɗi a ɗan faranti, a irgo maka canji a gabanka. Kuma an roƙi baƙi kada su ci suna tafiya: inda ka saya, nan za ka tsaya ka ci.

Da rana ta take, muka ratse wani lungu muka shiga gidan abinci, kujerunsa ba su fi goma ba, mai gida na dafawa a gabanka. Aka miƙo mana tsumma mai ɗumi na goge hannu da shayi kyauta. Sai mun tambaya tukuna, domin suna sa naman alade a wasu miya, suna kuma zuba giyar shinkafa a girki. Mai gidan bai ɓoye ba, ya nuna mana abin da za mu bari. Muka ci shinkafa fara da gasasshen kifi mai gishiri. Tukuici ba a bayarwa, ko ka bari sai a biyo ka da shi.

Shinkafar nan ma tana da labari. A 2025 buhu mai kilo 5 ya haura yen 4,000, watau kusan ninkin na shekarar da ta gabata, har gwamnati ta buɗe rumbunta ta fito da ta ajiya. Mudunsu na gargajiya akwati ne na katako mai kusurwa huɗu, ana ce masa masu. Muka juya shi muka duba gindi, muka ce a ranmu, to, wannan dai ba a buga masa guduma ya lotsa.

A ƙofar tsofaffin shaguna akwai ɗan labule da sunan gida a jiki, noren suke ce masa. Yaron shago idan ya daɗe yana bauta da amana, ubangida yakan yarje masa ya buɗe nasa da labule iri ɗaya. Mu ma muna sallamar yaro da jari, amma su har suna ake ba shi, in ya ɓata kuwa gida duka ya ɓata wa.

To, jama'a, ga inda zancen ya shafe mu. Kafin riɗi ya shiga ƙasarsu ana iya ɗibar samfuri a auna shi, a nemi maganin ƙwari da gubar rumfa. Wanda ya zuba rairayi domin buhu ya yi nauyi, ko ya barbaɗa magani ya wuce kima, ko ya ɗure riɗi bai bushe ba, ribar kwana ɗaya ya ci. Can ba sunansa za a kira ba, sunan ƙasa za a kira, mai saye kuwa yana da Tanzaniya da Burkina Faso a hannu. Dillali ya duba gindin buhu kamar yadda yake duba bakinsa kafin ya karɓi la'ada. Ma'auni ya bar mudu yadda maƙeri ya ƙera shi.

Allah ya ba da kasuwa. Farashin mako yana shafi na gaba.