Ba kowa ke cin amana ranar wuya ba

Wasu abokaina masu son fina-finan ƙagaggen kimiyya suna da magana ɗaya: duk ranar da duniya ta rikice, kowa tasa ta fisshe shi. Hujjarsu Mad Max ne da The Walking Dead, inda maƙwabci ke yanka maƙwabci saboda jarkar ruwa. Ina girmama fahimtarsu, kuma ban ce sun ƙirƙiri cin amana ba. Hausawan Sudan ba su manta da rikicin jihar Bulu Nayil na Yulin 2022 ba, lokacin da aka kashe 'yan'uwansu har suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala.

Amma ku zo mu duba Gadarif ɗin nan, garin dawa da riɗi. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, jama'a suka kwararo gabas, wasu da tabarma kawai. Makarantu suka zama masauki. Gidaje suka karɓi baƙin da ba dangin iya ba na baba. Matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, aka ɗora manyan tukwane a takiyya, wato ɗakin girkin sadaka, ana raba abinci ba a tambayi ƙabilar mai miƙo kwano ba. Larabawan Sudan suna kiran irin wannan haɗin hannu nafir. Mu gayya muka sani. Tun kafin nan ma, jihar Gadarif tana riƙe da 'yan gudun hijirar Tigire a sansanin Um Rakuba tun 2020.

Ko a cikin fina-finan, mai lura zai ga wani abu. A Alien na 1979, ma'aikatan wani jirgin sararin samaniya sun yi ta ƙoƙarin ceton juna. Wanda ya ci amanarsu mutum-mutumi ne, Ash, kuma umarnin kamfaninsu ya bi. Daga sama cutar ta sauko. Haka a Sudan: janar-janar biyu da suka haɗa kai suka yi juyin mulkin 2021 su ne suka juya wa juna bindiga, talaka kuma ya raba tuwonsa biyu.

Marubutanmu masu sha'awar labarin gobe, idan za ku zana duniyar da ta ruguje, ku saka matar da ke tsaye kan tukunya tun asuba. Ta wanzu, a Gadarif take.