Ciwon Baya Bayan Tiyata: Allurar Sin Ko Ƙwayar Kemis?

A ƙasar Zuru baya shi ne jarin talaka. Da shi manomi ke sunkuyawa a kan garma tun daga ruwan shuka har zuwa kaka, da shi samarin Dakarkari suka saba yin noman golmo na shekaru a gonar surukai kafin a ba su mata, kuma shi ne ya ɗauki jaka da bindiga ga ɗimbin 'ya'yan masarautar da suka yi aikin soja. Saboda haka idan bayan maigida ya gaza, gida ne baki ɗaya ya durƙushe. Wanda ciwonsa ya kai ga aiki yakan sayar da sa ko hatsin shekara, ya nufi manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a yi masa tiyata, ya dawo gida cike da fata. Sai dai ba kowa ciwon ke saki ba. A ko'ina cikin duniya, likitoci kan ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin ƙasan baya suna ci gaba da jin ciwo bayan rauni ya warke.

A nan ne masu ba da shawara ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce a koma kemis a nemi ƙwaya mai ƙarfi. Wasu kuma, musamman 'yan bokonmu masu bin intanet, su ce a gwada maganin nan na 'yan Sin da ake soka siraran allurai a jiki, wanda Turawa ke kira akufanca. Ni dai ba likita ba ne, harshe na karanta, shi nake koyarwa. Amma a ganina wani babban kaso na wannan ruɗani daga kalmomi ya taso, don haka nake da ta cewa.

Mu fara da kalmar “allura”. A kunnen Bahaushe, allura ruwan magani ne da ake ɗurawa a jiki, kuma jama'a sun yarda ta fi ƙwaya ƙarfi da saurin aiki. Da zarar an ce “allurar Sin”, sai mai sauraro ya ɗauka wani ruwan magani ne aka shigo da shi daga Sin. Alhali kuwa babu ko ɗigon magani a jikinta. Siririn ƙarfe ne da bai fi gashi kauri sosai ba, a soka shi a wasu gurabe na jiki, a bar shi kamar minti 20 zuwa 30, a zare. Haka kalmar “jijiya”. Da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, da ita kuma muke kiran zaren da ya fito daga laka yake kai saƙon ji da motsi zuwa ƙafa. Likita ya ce jijiya ce ta danne, majiyyaci ya fahimci jini ne ya tsaya, sai ya nufi wurin wanzami a yi masa ƙaho. A Zuru abin ya ƙara tsawo, domin tsoho yakan faɗi ciwonsa da harshen C'lela, ɗansa ya mayar da Hausa, likita ya rubuta da Ingilishi. Bambancin da ke tsakanin zogi da suka da raɗaɗi mai kama da wuta yana iya salwanta a hanya, alhali da irin wannan bambanci ne likita ke gane ko tsoka ce ko jijiyar laka.

Su kansu likitocin Turai sun yi fama da suna. Shekara da shekaru suna kiran wannan lalura da sunan da ke nufin “aikin baya da ya gaza”. A shekarar 2021 wani gungun ƙwararru na ƙasashe daban-daban ya ba da shawarar a maye gurbinsa da wani mai nufin “ciwon ƙashin baya mai ɗorewa”, saboda tsohon sunan yana ɗora laifi a kan wuƙar likita, yana kuma kashe wa majiyyaci gwiwa. Dalilan ciwon kuwa suna da yawa. Tabon da ya fito a ciki yana iya matse jijiya. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana iya sake bulluƙowa. Gaɓar da ke maƙwabtaka da wadda aka ɗaure da ƙarfe tana iya gajiya saboda nauyin da ya koma kanta. Ƙwayar cuta tana iya shiga wurin aikin. Wani lokaci kuma tsokar baya ce kawai ta yi rauni saboda dogon kwanciya. Kowanne da maganinsa, kuma wanda bai san wanne ke damunsa ba, zaɓinsa tsakanin allura da ƙwaya caca ce.

To, me bincike ya ce game da allurar Sin? Ta yi suna a Yammacin duniya ne daga shekarar 1971, lokacin da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya ba da labarin yadda aka rage masa ciwo da ita bayan an yi masa aikin afendis a birnin Beijing. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka yi a kanta shi ne wanda aka wallafa sakamakonsa a 2007, wanda aka gudanar a Jamus a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sinawa sun samu sauƙi. Waɗanda aka soka wa allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44.2 suka samu. Waɗanda aka yi wa maganin da aka saba kuwa, kashi 27.4 ne kacal. Mai karatu zai lura da abu biyu: allurar ta taimaka, amma wurin da aka soka ta bai kawo wani bambancin kirki ba. Wannan ne ya sa hukumomi suka saɓa wa juna. Hukumar tantance magunguna da hanyoyin jinya ta Ingila ta ce a 2016 kada a riƙa yin ta don ciwon baya, ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya ta cikin abubuwan da za a gwada a 2017, ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a watan Disamban 2023, ta ce ana iya yin ta a matsayin wani ɓangare na jinya, tare da bayyana cewa hujjar ba ta da ƙarfi sosai.

Akwai wata gaɓa da masu tallar allurar ba su cika faɗi ba. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shafi daɗaɗɗen ciwon bayan da ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba ne. Haka kuma da shirin inshorar lafiyar tsofaffi na Amurka, wato Medicare, ya fara biyan kuɗin allurar a Janairun 2020, zama 12 cikin kwana 90, ya cire ciwon da ke da alaƙa da tiyata daga cikin lissafi. Ke nan, shaidar da ake kawo wa wanda aka yi wa aiki yawanci aro ce daga wasu majiyyata daban.

Ita ma ƙwaya ba ta tsira ba. A kwanakin farko bayan tiyata, magani mai ƙarfi a hannun likita wajibi ne, babu mai musun haka. Matsalar ita ce kwanaki su zama watanni. Diclofenac da ibuprofen suna rage ciwo, amma yawan shansu na cin ciki ya kawo gyambo, ya kuma taɓa ƙoda, balle ga mai hawan jini ko ciwon suga ko manomin da ke wuni a rana bai sha isasshen ruwa ba. Dangin tramadol kuwa, jagorar 2023 ta ce kada a yi amfani da su don daɗaɗɗen ciwon baya. A shekarar ce kuma mujallar Lancet ta wallafa wani gwaji daga Ostareliya a kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya, inda aka ga bayan mako shida waɗanda suka sha irin wannan magani ba su fi waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu komai a cikinta samun sauƙi ba.

A ƙasarmu wannan magana ta wuce ta ɗakin bincike. Rahoton shaye-shaye da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a Janairun 2019 ya nuna mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Hukumar NAFDAC ta amince da tramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne, amma jami'an NDLEA sun sha kama mai 225. Dattijon da bai taɓa kusantar maye ba yana iya faɗawa wannan tarko ta ƙofar ciwon baya, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Komawa wurin likitan da ya yi aikin tafiya ce ta sa'o'i da kuɗin mota da fargabar hanya, musamman ga mutanen Danko/Wasagu da Sakaba da Fakai, shi kuwa mai kemis yana bakin kasuwa. A zahiri, zaɓin da ke gaban mutumin Zuru shi ne tsakanin komawa asibiti da dogaro ga ɗan tebur mai sayar da ƙwaya.

Wanda ya ga dama ya gwada allurar Sin, ban ga aibu ba, matuƙar likitansa ya duba shi ya yarda, rauni ya warke, mai yin ta yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Nijeriya, kuma kowace allura sabuwa ce daga cikin ledarta. Allurar da aka maimaita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau kamar yadda askar wanzami ke yi idan ba a tsabtace ta ba. Kada kuma a yarda a yi ƙaho ko sakiya ko tsaga a kan wurin da aka yi aiki, balle inda aka sa ƙarfe. Sannan akwai alamomin da ba sa jiran kowace shawara: zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga rauni, ƙafa ta fara mutuwa, rashin ji a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya nufi asibiti a ranar.

Abin da masana suka fi haɗuwa a kai shi ne wanda muka fi rainawa saboda ba ya kama da magani: tafiya a hankali kullum, motsa jiki bisa koyarwar masu gashin ƙashi, koyon yadda ake ɗaga kaya, da komawa gona sannu-sannu. Kirana ga Gwamnatin Jihar Kebbi shi ne ta tabbatar akwai sashen gashin ƙashi mai ma'aikata da kayan aiki a Babban Asibitin Zuru. Asibitocin da ke yin tiyata kuma su riƙa sallamar majiyyaci da takarda cikin Hausa, mai ɗauke da sunan magani da ranar daina shansa da lambar wayar da zai kira. Mu kuma malaman harshe akwai aiki a kanmu: mu zauna da likitoci mu raba wa “jijiya” sunaye, mu samar da kalmomin ciwo cikin Hausa da C'lela da kowa zai fahimta, domin sai majiyyaci ya iya faɗin abin da ke damunsa likita zai san abin da zai ba shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.