Aikin Ɗan Sanda a Ƙasar Waje

Kowace shekara, in an gama girbi, samari sukan tashi daga Arkilla da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato su tafi cin rani. Wannan kowa ya san shi. Amma yanzu akwai waɗansu da ba cin rani su ke so ba. So su ke su ƙetare iyaka su sami aikin ɗamara a wata ƙasa, ko ɗan sanda ko gadi, don sun ji wai can albashi ya fi tsoka. To, kafin mu sayar da awaki ko gona mu yi wa yaro guzuri, ya kamata mu san yadda wannan hanya ta ke. Gama ba sabuwa ba ce, mutanen dā sun bi ta.

A shekarar 1863 wani Bature mai suna Gulobā, wanda ke mulkin Ikko, watau Legas, ya tara waɗansu Hausawa ya ba su bindigogi, ya mai da su 'yan sandansa. Da yawa cikinsu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu. A lokacin nan Ikko wata ƙasa ce dabam, ba ruwanta da Sarkin Musulmi. Cikin 1873 aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, don yaƙi da mutanen Asante. A 1879 kuwa Gwalkwas ta kafa tata rundunar, ita ma ana kiranta ta Hausawa. Jamusawa suka yi koyi da wannan a Togo cikin 1885. Sarkin Beljiyam ma ya aiko aka ɗebar masa Hausawa zuwa Kwango.

Ku lura, ba dukan waɗanda a ke kira Hausawa cikin rundunan nan ne Hausawa ba. Akwai Zabarmawa, da Mosawa, da Gurunsawa, da Yarbawa. Amma Hausa ita ce harshen bariki, da ita a ke magana, shi ya sa sunan ya bi su duka.

Me ya sa Turawa suka fi son baƙo? Dalili shi ne baƙo ba shi da dangi a garin. In an ce ya kama mutum, ko ya watsa taro da kulki, ba ya duban ɗan wane ne. Wannan ya yi wa Bature daɗi, amma shi baƙon ya zauna cikin mutanen da ke tsoronsa, ba sa ƙaunarsa.

Ga abin da ya fi shafarmu, mu 'yan aji. A shekarar 1902 aka rarraba 'yan sandan Gwalkwas. Manyan kashin biyu ne. Kashi na ɗaya na waɗanda suka iya karatu da rubutu ne. Su ke zama caji ofis, su rubuta maganar mai ƙara, su bi sawun ɓarawo, su tsaya gaban alƙali da takarda a hannu. Kashi na biyu su ne 'yan sandan rakiya. Galibinsu mutanen Arewa ne da tsofaffin soja, ba su yi karatun boko ba. Aikinsu rakiyar kuɗi da zinariya, da tsaron ƙofar banki da gidajen manya, da sintirin dare. In tarzoma ta tashi su a ke turawa gaba, su ke shan jifa. Suna da ƙarfi, suna da zuciya, kowa ya shaida. Amma mutum sai ya yi shekara da shekaru yana aiki, galibi iyakarsa kofur ko saje, in ya yi sa'a samanja. Yaron da ya shigo bayansa da alƙalami sai ya zama sufeto. Ran biya kuwa, wancan ya sa hannu, wannan ya dangwala yatsa kan abin da bai san me aka rubuta ba.

Ghana ta sami mulkin kai a 1957. Sannu a hankali aikin gwamnati ya koma na 'yan ƙasa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta yi doka, ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita cikin mako biyu. Dubban mutanenmu suka kwaso 'yan komatsansu daga zangon Kumasi da na Ankara. Waɗansu a can aka haife su, ba su taɓa ganin Sakkwato ko Kano ba. Kada mu ga laifin Ghana ita kaɗai, gama Nijeriya ma ta kori baƙi haka nan a 1983.

Yau fa? Yau kusan kowace ƙasa ɗanta ta ke ɗauka ɗan sanda. Ɗan Nijeriya yana iya shiga Ghana ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, amma wannan ba zai sa a ba shi kaki ba. Ingila takan ɗauki baƙo, amma sai wanda ya riga ya sami izinin zama na dindindin, ya kuma ci jarrabawarsu da Turanci. Saboda haka duk dillalin da ya zo Arkilla ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro aikin ɗan sanda a waje, mu tsaya mu yi tunani tukuna.

Akwai hanya ta gaskiya, sai dai daga gida ta ke farawa. Mutum ya shiga 'yan sandan ƙasarsa, in ya yi ƙwazo gwamnati da kanta ta aika shi. A 1960 Nijeriya ta aika 'yan sanda Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayan nan an aika su Namibiya da Laberiya da Darfur. Waɗannan sun tafi da sunan ƙasarsu, albashinsu na tafiya, sun san ranar komowa. Amma ba a shiga yanzu sai da takardar gama sakandare. Mu tuna da Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, wanda aka sa wa babbar makarantar koyon sana'o'i ta garin nan sunansa. Ya shiga ɗan sanda a 1959, yana aiki yana ƙara karatu har ya zama lauya. Daga 1979 zuwa 1983 shi ne shugaban hukumar tsaron asiri ta ƙasa duka.

Aikin gadi shi ne ya fi samuwa ga baƙo, kamar a Saudiyya da Dubai da Ƙatar. Ba aikin gwamnati ba ne, na kamfani ne, kome nasa kuwa yana cikin takardar yarjejeniya. Bizar Umra ko ta ziyara ba ta halatta wa mutum aiki ba, in an kama shi sai gidan waƙafi, sa'an nan a komo da shi.

In an kawo wa ɗayanmu irin wannan takarda, kada ya dangwala yatsa a ranar. Ya kawo ta aji, malam ya karanta a gaban kowa, in da Turanci ta ke ko Larabci a nemo mai fassarawa. Mu nemi wurin da aka rubuta albashi, nawa ne, da kuɗin wace ƙasa. Mu duba awa nawa zai tsaya kowace rana, da ko akwai ranar hutu. Mu tambaya hannun wa fasfo zai zauna, gama wanda aka karɓe wa fasfo ba shi da ikon tafiya ko'ina. Sa'an nan mu duba wa zai biya kuɗin jirgin komowa in yaro ya yi ciwo, ko in aikin ya ƙare kafin lokacinsa.