In Intanet Na Gida Yana Yankewa

Jama'a, yanzu gidaje da dama suna da ɗan akwatin intanet da ake sa wa layin waya. Ana kiransa rauta. Wani lokaci sai ya riƙa yankewa. Kada ka yi gaggawar sayen sabo. Fara gano inda matsalar take.

Saƙo yana yin zango biyu ne: daga ƙarfen sabis zuwa akwatin, sannan daga akwatin zuwa wayarka. To, ɗauki wayar ka tsaya dab da akwatin. In ta yi aiki a nan, amma ta ƙi a uwar ɗaka, wurin ajiyar ne bai dace ba. Katanga mai kauri, ƙofar ƙarfe da randar ruwa duk suna raunana saƙon. Wasu har cikin adaka suke ɓoye shi saboda yara. Wannan kuskure ne babba! Ɗora shi a sama, a tsakiyar gida, inda rana ba ta dukansa. In ya nuna suna biyu, mai 2.4 da mai 5, zaɓi mai 2.4, domin ya fi ratsa katanga.

In kuwa ko a kusa bai yi ba, duba ko data ta ƙare. In akwai, kai shi bakin taga wajen da ƙarfen sabis yake. Kashe shi na minti ɗaya, ka sake kunnawa. In mutane sun yi yawa a kansa, canza lambar sirri.