Auna Ƙwazon Ɗan Adam a Aikin Daidaita Rumbunan Bayanai

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗe rajista biyu su zama ɗaya ya san cewa wahalar ba ta kwafi ba ce, ta fassara ce. Alal misali, a ɗauki makarantu biyu, kowace da jadawalin ɗalibanta. A na farko akwai gurbin da aka rubuta wa "shekara", a na biyu ma haka. To amma ɗaya shekarun haihuwar ɗalibi yake nufi, ɗayan kuwa shekarar shigarsa makaranta. Haka nan gurbin "asali" yana iya zama garin haihuwa a nan, ya zama ƙabila a can. Aikin gano wane gurbi ne ya yi daidai da wane, shi masana kwamfuta ke kira daidaita fasali, kuma shi ne matakin farko na haɗe bayanai. Manufarmu a nan ita ce duba yadda ake auna mutumin da ke yin wannan aiki.

Tun da daɗewa ake neman ɗora wa inji wannan nauyi. A 1969 Fellegi da Sunter suka shimfiɗa ka'idar lissafi ta gane ko rubutu biyu mutum ɗaya suke nufi. A 2001 Erhard Rahm da Philip Bernstein suka yi bitar hanyoyin daidaita fasali, aka kuma sami manhajoji irin su Cupid a wannan shekara da COMA a 2002. Sai dai dukkansu zato suke yi, ta duban kamannin sunaye da irin abin da ke cikin gurbi da maƙwabtansa. Saboda haka aka bar wa mutum hukuncin ƙarshe: shi ke rubuta amsar da ake gwada inji da ita, shi ke kuma amincewa da abin da injin ya kawo ko ya yi watsi da shi. Watau dai an ɗauke shi mudun da ba a tambayar cikarsa.

Ma'aunai biyu aka saba amfani da su, kuma daga fagen binciko takardu aka aro su. A ce daidaiton gaskiya tsakanin jadawalai biyu guda 20 ne, malami ya kawo 15, daga ciki 12 suka inganta. Ingancinsa 12 cikin 15 ke nan, watau kashi 80 cikin ɗari. Cikar aikinsa kuwa 12 cikin 20, kashi 60. Mai tsantseni yakan ci na farko ya faɗi na biyu, domin ba ya rubuta komai sai abin da ya tabbatar. Mai garaje akasin haka. Idan masu aikin biyu ne, akan ƙara da lissafin da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda ke auna yawan ittifaƙinsu bayan an cire wanda dace kawai zai iya kawowa. Amma fa ittifaƙi ba shi ne gaskiya ba; malamai biyu da suka taso a ofis ɗaya suna iya haɗuwa a kan kuskure ɗaya.

Inda maganar ta yi armashi shi ne binciken da aka gudanar a jami'ar Technion da ke Haifa, inda Avigdor Gal da Roee Shraga da Tomer Sagi suka haɗa gwiwa da Rakefet Ackerman, masaniyar halayyar tunani. A nazarinsu na 2019 ba amsa kurum suka karɓa daga masu aikin ba. Sun nemi kowa ya faɗi gwargwadon sakankancewarsa da kowane hukunci, suka kuma lura da lokacin da ya ɓata kafin yanke shi, da ko ya ga shawarar inji tukuna. Abin da ya bayyana shi ne sakankancewar mutum ba kullum take tafiya tare da dacewarsa ba, kuma tana karkata ta hanyoyin da za a iya hasashensu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin wanda ya yi kuskure yana ɗari-ɗari ya bar ƙofar gyara a buɗe, wanda kuwa ya yi shi da ƙarfin zuciya ya rufe ta. A 2021 Shraga da Ofra Amir da Gal suka siffanta gwani da halaye huɗu: inganci, da cikar aiki, da sakankancewar da ke hawa inda ya dace ta sauka inda ya kuskure, da kuma rashin zarce iyaka wajen yarda da kai. Har motsin hannun mai aiki a kan allon kwamfuta suka sa cikin lissafi. Daga baya, a 2022, Shraga da Gal suka bayyana tsarin PoWareMatch, wanda aka jarraba da masu aiki fiye da 200. A cikinsa an juya tsohon tsari: inji ne ke tace hukuncin mutum, sa'an nan ya cike gurbin da ya bari.

A nan ne nake da 'yar ja. Duk wannan awo yana bukatar amsar da aka riga aka yarda da ita, ita kuwa wani mutum ne ya rubuta ta. A fagen da ma'anar gurabe take a kafe, kamar takardun odar kaya, matsalar da sauƙi. A rajistar sunayenmu ba haka abin yake ba. Gurbin da Bature ya ware wa sunan iyali, Bahaushe yakan cike shi da sunan mahaifi, wani da na kaka, wani da sunan garinsu. Malamin da ya ƙi daidaita wannan gurbi da na "sunan uba" kai tsaye, mai yiwuwa ya fi mai rubuta amsar sanin ƙasa, amma lissafi zai ce ya faɗi. Don haka wajibi ne mai shirya irin wannan jarrabawa ya tanadi wurin da mai aiki zai rubuta dalilinsa, a kuma sake duba amsar kanta a duk inda ƙwararru da dama suka saɓa mata a gurbi guda.